Yadda za ka juya awon Amurka zuwa mita da kilo kada a cuce ka

Ana ta musu wai Turawa ne suka ɗora wa duniya mita da kilo, wasu kuma su ce Amurka taurin kai ne ya hana ta karɓa. Gaskiya Faransa ce ta fito da mita bayan juyin juya halinta, kuma a 1875 Amurka na cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris, amma har yau mil da galan da laba Amurkawa suke aiki da su. Mu a Najeriya gwamnati ta koma mita tun shekarun 1970 amma yadi da ƙafa da Ingila ta bar mana suna nan a kasuwa, 'yan uwanmu na Nijar kuwa mita suka gada. Ni abin da ya dame ni shi ne kuɗin da mutane ke asara wajen sayayya.

Fara da tsawo. Inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, kuma ka juya tef ɗin tela, galibi inci na gefe ɗaya santimita na ɗaya gefen, ba sai ka yi lissafi ba. Yadi bai kai mita ba, santimita 91.44 ne, kaga kenan in ka aika a yanko ma shadda mita 10 aka yanko yadi 10 ka rasa kusan santimita 86, hannun riga ya tafi wallahi. Dan Allah ka tambayi mai shago yadi ne ko mita tun kafin almakashi ya taɓa ƙyallen. Fili ma haka, 50 bisa 100 da dillalai ke faɗa ƙafa ce, wajen mita 15 bisa 30.

Mil ɗaya kilomita 1.6. Laba kuwa ka raba biyu ka ɗan rage, laba 100 kilo 45 ne.

Galan shi ne mai ruɗi don iri biyu ne, na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5, sai ka duba ƙasar da aka yi kayan.

Zafi kuma in ka ga F a ma'aunin zazzaɓi, wato Fahrenheit, awon zafi na Amurka, cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9, sai ka samu C, wato Celsius da muke aiki da shi. Yaro ya nuna 102 kenan ya kusa 39, ka kai shi asibiti.