Idan furofelar babbar mota ta karye a hanya kuma mai yana zuba

Direban da ke jigilar kaya tsakanin kasuwannin karkara, ko riɗi ne daga Maigatari ranar Alhamis, ko shanu daga Wudil ranar Juma'a, ko buhunan shinkafa daga fadamun Haɗeja zuwa Dawanau, zai iya shafe shekaru bai taɓa ganin furofela ta karye ba, amma ranar da ta karye yawanci a wurin da babu bakanike take karyewa, kuma da kaya maƙil a baya. Furofela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, wadda ke ɗaukar juyin inji daga giyabos ta kai shi tsakiyar aksul na baya. A kowane bakinta akwai ƙarfe mai kai huɗu da ake kira kuros, wanda ke ba ta damar lanƙwasa idan mota ta shiga rami, kuma a dogayen motoci takan zo kashi biyu da boris a tsakiya yana riƙe da ita. Tana juyawa ninkin juyawar taya sau da yawa, shi ya sa idan ta tsinke a guje ba ta faɗuwa salin-alin. Sai ta bugi duk abin da ke kusa da ita, tankin mai ne, ko tiyon iska, ko bututun man birki, ko bayan giyabos ɗin kansa, kuma daga nan ne zubar mai ke samo asali.

Alamar karyewarta ba ta ɓuya. Za ka ji ƙara mai ƙarfi a ƙarƙashinka kamar ana dukan ƙarfe, sannan inji ya riƙa kuka idan ka taka totur alhali motar ba ta ƙara gudu. Da zarar ka ji haka, ɗage ƙafarka daga totur, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka taka birki a hankali har ka sauka gefen hanya. Kada ka danne birki lokaci guda, domin idan bakin gaba ne ya faɗo, yana iya cakar ƙasa ya ɗaga bayan motar, kuma mota mai lodi sama ba ta buƙatar abu mai yawa kafin ta kife. Ka tuna kuma cewa rage giya ba zai taimake ka ba a wannan hali, tunda alaƙar inji da tayoyi ta riga ta yanke.

Abin da na fi so kowane direba da yaronsa su riƙe shi ne maganar waigi, wato abin da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Motar da furofelarta ta karye ba ta tsayuwa don an bar ta a giya. Fiye da haka, a motoci irin su Canter da ire-irensu, birkin hannu yana bayan giyabos ne, furofelar yake kamawa ba tayoyi ba, saboda haka idan ta tsinke, ko ka ja birkin hannu har ƙarshe babu abin da ya riƙe. Mutane da dama ba su san wannan ba, sai su ja birkin hannu su sauko da kwanciyar hankali, yaron mota ya kutsa ƙarƙashi don ya duba, motar kuma ta fara gangarawa a kansa. Direba ya ci gaba da taka birkin ƙafa har sai yaro ya sa waigi gaba da bayan tayoyin baya na ɓangarori biyu, sannan a kashe inji a zare makulli. Idan yaro ya ce, "Maigida, bari in leƙa kawai," amsar ita ce a'a, sai waigi ya zauna. A ƙasa mai yashi, irin wadda ta yi yawa a arewacin Jigawa, a shimfiɗa katako ƙarƙashin jak, kuma kada kowa ya kwanta a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita.

Bayan haka sai a kare masu zuwa. A ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku can nesa a baya, musamman idan kwana ce ko dare, a ƙara da ganye kamar yadda aka saba. Idan motar ta tare hanya ko wani ya ji rauni, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. Man da ya malala a kwalta a rufe shi da yashi nan take, domin mai babur da ya taka man giya da dare ba zai san abin da ya kayar da shi ba.

Yanzu sai a koma kan abin da ke zuba, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin irin man shi ne zai gaya maka ko motar za ta iya motsawa ko a'a. Shimfiɗa farin kwali ko buhu a inda yake ɗiga, ka taɓa da yatsa, ka shinshina, sannan ka bi sawunsa da fitila zuwa sama har inda ƙarfe ya bushe, saboda iska da juyin furofela kan watsa mai nesa da inda ya fito. Man giya yana da kauri da danƙo, da wari mai ƙarfi irin na farar wuta wanda wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Idan shi ne, duba wurare biyu: sil ɗin bayan giyabos, wato robar da ke hana mai fita, inda furofela ke fitowa, da sil ɗin gaban aksul inda take shiga. Ka goge wurin da tsumma ka duba ko jikin giyabos ɗin ya tsage, don tsagewa siririya kamar gashi takan ɓoye a ƙarƙashin datti. A wasu ƙananan motocin a-kori-kura bakin furofela yana shiga cikin giyabos ne kai tsaye, to idan ya zare, mai zai kwarara ta wannan rami ko da babu abin da ya fashe, kuma za a iya toshe shi na ɗan lokaci da leda mai kauri da aka ɗaure da roba.

Man gas ba shi da kauri kuma warinsa sananne ne. Idan tanki ne ya huje, a hana kowa kunna sigari, a cire kan batir, a tara man a jarka, kuma kada a kusanto da mai walda sai an sauke tankin an wanke shi. Man birki kusan fari ne ko ruwan zuma mai haske, yana da santsi a yatsa, kuma yana cinye fenti. Idan shi ne ke zuba, motar ba ta da birki, kuma ba a jan ta da igiya ko sarƙa, sai da sandar ƙarfe ko janwe. Jan mai yawanci na sitiyari ne, baƙi ƙirin kuwa na inji, kuma waɗannan biyun ba safai furofela ke taɓa su ba, don haka idan ka gan su, ka nemi wata matsalar daban. A manyan motoci masu birkin iska kamar DAF da Howo, abin da ke fita wani lokaci ba mai ba ne, iska ce, za ka ji tana huci. Idan iskar ta ragu sosai birkin baya zai kama kansa da kansa, kuma sai an haɗa tiyon ko an ba motar iska daga wata kafin ta motsa. Akwai notin da ake ɗaurewa don sakin wannan birki, amma wanda ya sake shi ya san cewa ya bar motar babu abin riƙewa sai waigi.

Kafin a kwance ragowar furofelar, a ɗauki fenti ko a karce da ƙusa a yi alama a kan kowace mahaɗa: tsakanin faifan giyabos, wato ƙarfen da ake ɗaure furofelar a jikinsa da noti, da nata, tsakanin nata da na aksul, da kuma wurin da kashinta biyu ke shiga juna ta haƙora. Wannan alama tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya dole su kasance a layi ɗaya. Idan aka mayar da haƙoran a karkace, ko da haƙori ɗaya ne, motar za ta riƙa rawa a guje har ta cinye sabon kuros ɗin. A tallafe sandar da igiya kafin a cire noti na ƙarshe, don tana da nauyin da zai karya haƙarƙari. A tattara notuna da murfin kuros da ƙananan allurorin da ke cikinsa a leda guda, ko da sun lalace, saboda da su za a je kasuwa a gwada. Ba a jan mota da guntun furofela yana lilo a ƙarƙashinta. Mai Hilux ko wata mota mai jan ƙafa huɗu yana iya cire ta baya gaba ɗaya, ya sa giyar ƙafa huɗu, ya lallaɓa da ta gaba zuwa gari mafi kusa, muddin mai ba ya zuba.

Batun gyara ya danganta da abin da ya karye. Idan kuros ne kawai ya tarwatse, kunnuwan ba su buɗe ba, sandar kuma ba ta lanƙwashe ba, bakanike zai iya canza shi a gefen hanya. Idan sandar ce ta murɗe ko ta tsinke, ra'ayina shi ne kada a yarda da waldar gefen hanya sai dai don a fitar da mota daga daji, a hankali, kuma bayan an sauke kayan. Mai walda da ido yake daidaitawa, furofela kuwa ko karkacewar da ba ta kai milimita ɗaya ba tana iya sa ta girgiza, kuma wannan girgizar ce ke kashe boris ɗin bayan giyabos da na aksul. A kai ta wurin masu juyi su ɗora ta a inji su daidaita, ko a nemi wata a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohuwar don a gwada tsawo da ramukan noti. Idan ta hannu ce za a saya, a murɗa kowane kuros da hannu: wanda ke da wasa ko yake cijewa ya gama aiki. A duba kuma ƙananan ƙarafan da aka manna a jikinta don daidaita nauyi, a tabbatar ba su ɓalle ba. Wajen ɗaurewa a yi amfani da notunan da aka yi don wannan aiki, masu lamba 10.9 a kansu ko irin waɗanda suka zo da motar, domin notin ƙofa ko na gado zai tsinke a hawan farko.

Sil ɗin da ya yage sai a canza shi, amma a shafa yatsa a wuyan ƙarfen da yake zama a kai, idan ya yi zurfin layi sabon sil ma zai zubar. A ɓangaren aksul, babban notin da ke riƙe faifan yana da iyakar ɗaurinsa, don haka a yi masa alama kafin a kwance shi, a mayar da shi daidai inda yake. Wajen zuba mai, a fara buɗe notin cikawa da ke gefe kafin na juyewa da ke ƙasa, kada a juye mai sannan a tarar na gefen ya ƙi buɗuwa. A daidaita motar a wuri mai shimfiɗa, a zuba har man ya kawo bakin ramin. Aksul yana shan man giya mai kauri irin 85W-140 ko 80W-90, giyabos kuwa a bi abin da kamfanin motar ya rubuta, don ba duka ke shan iri ɗaya ba. Idan tsohon man ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, abin da ya zama ruwan dare ga motocin da ke ratsa kwazazzabai da damina. Idan kuma akwai ɓarɓashin ƙarfe mai girma a jikin notin juyewa, to ɓarnar ta kai ciki, sai an buɗe. Akwai ɗan bututun shaƙar iska a saman aksul da giyabos wanda ƙurar hunturu da laka ke toshewa, kuma idan ya toshe, zafi zai tura mai ta sil komai sabuntarsa, don haka a tsefe shi da waya. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko magudanar da ke shiga fadama.

Furofela ba ta cika karyewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Ƙarar "ƙwas" lokacin tashi ko canjin giya, girgizar da ke ƙaruwa da gudu, ɗan kuka a tafiyar hankali, da jan gari kamar tsatsa a bakin murfin kuros, duk suna nuna giris ya ƙare a ciki. A riƙa ba ta giris duk lokacin juyen baƙin mai, da kuma bayan an ratsa ruwa, a matsa har sabo ya fito ta kawuna huɗu na kuros ɗin, don idan uku ne kawai suka fitar, na huɗun a bushe yake. Lodin da ya wuce ƙima yana kwantar da sifirin ya canza kusurwar da sandar ke aiki, ƙarin ganyen sifirin da ake yi don a ɗauki buhu fiye da ƙa'ida shi ma haka. Sai kuma al'adar taka totur a saki kuloci lokaci guda idan mota ta kafe a yashi ko taɓo, wadda ke murɗe ƙarfe nan take. Gara a haƙe gaban tayoyin, a shimfiɗa itace, a rage kaya.

Bayan an haɗa komai, a gwada birki tun motar tana tsaye, a kwashe ganye da duwatsun da aka ajiye a hanya, sannan a tashi a hankali. Idan an yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma a tsaya, a sa waigi, a sake ɗaure notunan furofela, a kai bayan hannu kusa da kowane kuros da boris ɗin tsakiya don jin ko akwai wanda ya fi saura zafi, a kuma haska sil biyun da fitila a ga ko sun jiƙe.