Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saita Ƙofar Hasken Kyamara

Kusan duk mai koyon ɗaukar hoto yakan fara da fahimtar lambobin ƙofar haske a baibai. Lambar f/2 ƙarama ce, amma ƙofar da take nufi babba ce, f/16 kuwa tsukakkiyar ƙofa take nufi. Dalili shi ne ana samun lambar ne ta hanyar raba tsawon gilashin kyamara (focal length, wato lambar milimita da ake rubutawa a jikinsa) da faɗin ƙofar, saboda haka gilashi mai milimita 50 da aka buɗe a f/2 ƙofarsa tana da faɗin milimita 25, a f/16 kuma da kaɗan ta haura milimita 3. Maganin wannan ruɗani shi ne haddace jerin 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16, domin kowane mataki yana rage rabin hasken da ke shiga.

Kuskuren da ya fi wannan ɓata hoto, a ganina, shi ne barin ƙofa a wangale koyaushe saboda sha'awar bayan hoto ya yi dishi-dishi. Idan aka ɗauki fuskar mutum daga kusa a f/1.8, wurin da zai fito raɗau yakan zama siriri ƙwarai, har ta kai ido ɗaya ya fito tangaran, ɗayan kuma ya dushe. Abin ya fi muni a hoton jama'a da suka tsaya sahu biyu ko uku, inda na gaba za su fito, na baya su ɓace. A irin wannan yanayi gara a koma f/5.6 ko f/8, a kuma ja da baya kaɗan, domin nisa ma yana faɗaɗa wurin da ke fitowa sarai, abin da masu koyo da yawa ke mantawa da shi. Idan mutum ɗaya ne, a ɗora saiti a kan idon da ya fi kusa da kyamara.

Akwai kuma masu zaton cewa f/22 ce ta fi fito da hoto. Ba haka ba ne, domin haske yakan tarwatse idan ya ratsa ƙofa mai tsananin ƙanƙanta, sai hoton duka ya rasa kaifi. Yawancin gilasai sun fi aiki da kyau tsakanin f/5.6 da f/11.

Wanda ya tsuke ƙofa kuma ya rage haske ne, dole kyamara ta rama ta hanyar daɗewa tana ɗauka, kuma a nan ne rawar hannu ke shiga hoto. Saboda haka a zaɓi tsarin A a Nikon da Sony, ko Av a Canon, inda mai ɗauka ke zaɓen ƙofa, kyamara kuma ta zaɓi saurin ɗauka da kanta, a riƙa lura da saurin ɗaukar. Idan ya sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa da gilashi mai milimita 50, sai a ƙara ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ko a ɗora kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku.