Yadda zaka kula da babban babur na doguwar tafiya, da abin yi in ya tsaya maka a hanya

Yanzu samari da dama a Kano da Kaduna da Abuja sun shiga harkar manyan babura na tafiya mai nisa, mafi yawa 'yan Baljiyam ko na hannu, kuma matsalar da kowa ke cin karo da ita ɗaya ce: da ka bar babban gari makanikan da zaka samu sun ƙware ne a Boxer da Jincheng da Haojue, masu kabireta da kik, naka kuwa injekta ne da famfon mai a cikin tanki da kwamfuta da lagireto. Ba raini bane wlh, aikinsu sun iya, kawai ba irin injin da suka saba dashi bane. Don haka abin da zai cece ka shine ka san babur ɗinka da kanka, ka kuma san tsarin bincike, saboda yawancin abin da ke tsayar da irin waɗannan injina a hanya ƙaramin abu ne da ba sai an kwance komai ba. Zan yi misali da Suzuki V-Strom 650, wanda aka fara fitarwa a 2004, silinda biyu, cc 645, mai sarƙa. In naka Versys ne ko Transalp ko Tenere lambobin zasu ɗan bambanta, ka duba littafinsa, amma hanyar tunanin ɗaya ce.

Mu fara da baƙin mai. Littafin ya ce 10W-40, kuma abin da mutane ke tsallakewa shine rubutun JASO MA ko MA2 a jikin galan. Kulocin babur a cikin man injin yake wanka, in ka zuba na mota mai sinadarin rage gogayya sai kuloci ya fara sulɓi, ka murɗa wuta inji na ihu amma gudu baya ƙaruwa. A zafin bazara irin namu 15W-50 ko 20W-50 na babur ba laifi. Juye a littafin tsofaffin samfuri duk kilomita 6,000 ne, ni a ganina da ƙurarmu da cunkoson gari kar ka wuce 4,000 zuwa 5,000, ka canja filta tare, yana shan ƙasa da lita 3. Wajen duba mai akwai ɗan gilashi a gefen dama na inji, ka tayar minti biyu uku, ka kashe, ka jira minti uku, sannan a riƙe maka babur a miƙe tsaye ba a jingine a kan ƙafa ba, in ya jingina gilashin ƙarya zai maka ka ƙara mai ya yi yawa.

Sai filtar iska, kuma anan zan ɗan daɗe saboda hunturu. Turawan da suka rubuta a canja ta a kilomita 18,000 basu san ƙurar Disamba da Janairu a hanyar Daura zuwa Damagaram ba. A V-Strom filtar na ƙarƙashin tanki, sai ka cire robobin gefe ka ɗaga tankin, aikin ya ɗan yi tsawo shi yasa mutane ke ƙyuya. Kar ka yi ƙyuyar. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur ko ruwa kamar soson ƙaramin babur, ana hura mata iska ne a hankali daga ɓangaren da ke kallon inji zuwa waje, in ka hura ta ɗaya ɓangaren ƙurar kake ƙara cusawa. In ta yi duhu ko ta yage a gefe a yar da ita kawai. Sannan ka shafa yatsa a cikin akwatin ta bayan filtar, in ka ji ƙura a wurin to akwai inda take sata, ko murfin bai zauna daidai ba, kuma wannan ƙurar ce ke cinye zobban fistin da bawul a hankali har wata rana ka ga salansa na hayaƙi ka rasa dalili.

Sarƙa kuma ta irin waɗannan babura tana da ƙananan zobban roba a tsakanin haɗe-haɗenta masu riƙe giris a ciki. Fetur na lalata robar, injin wanki mai ƙarfin feshi ma haka, to ka gaya wa yaran wankin mota dan Allah kar su nufi sarƙa da boris ɗin taya da bakin tiyo. Kananzir da tsohon burushi ya isa, ka goge ta bushe, ka fesa man sarƙa ko ka ɗiga man giya kaɗan daga ciki, ka goge ragowar. Masu lafta giris suna ganin gata suke mata, amma giris da yashi in suka haɗu sanfefa suke komawa. Duk kilomita 500 zuwa 1,000 ka shafa, bayan ruwan sama kuma ko yaushe ne. Kuma kar ka taɓa goge sarƙa inji na aiki giya a ciki, mutane sun rasa yatsu a haka. Sakinta ya zama milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, kuma gara ta ɗan saki da ta ɗaure, don in ka ɗora kaya da fasinja shokzoba ya nutse sarƙar ƙara miƙewa take, mai ɗauri sosai tana cin boris ɗin giyabos. Makanikan ƙananan babura sun saba ɗaure ta tamau, ka tsaya a kansa. In haƙoran siforoket sun fara lanƙwasa sun yi tsini, a canja sarƙa da siforoket gaba da baya lokaci ɗaya.

Taya: gaba 110/80 R19, baya 150/70 R17, iska PSI 33 a gaba 36 a baya, in da fasinja ko kaya masu nauyi baya ta kai 41. Da safe ake aunawa tayar na sanyi, kuma ka sayi gejinka, na masu faci da yawa ya gaji, wasu ma da yatsa suke ƙwanƙwasawa. In zaka sayi taya ta hannu ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Taya mai zane da kyau amma ta haura shekara shida robarta ta bushe, a kwalta mai zafi ko ruwan farkon damina zata baka mamaki mara daɗi. Burki man DOT 4 yake sha, a canja shi duk shekara biyu don yana tsotsar danshi, kuma zaka gane amfanin haka ne ranar da kake gangarowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe, inda tsohon mai ke tafasa hannun burki ya tafi har ƙasa ba kamu. A irin wannan gangara ka sauko giya biyu ko uku inji ya riƙe ka, kar ka kwanta a kan burki. Ruwan lagireto kuma rabi kulan rabi tataccen ruwa, wanda ake sayarwa don ƙara wa batir, amma ka tabbatar tataccen ruwan ne ba asid ba tunda duk ruwan batir ake ce musu. Na rijiya da na burtsatse suna barin gishiri ya toshe hanyoyin.

Toh yanzu a ce kana tsakanin Zariya da Kaduna ka tsaya shan ruwa, ka dawo ya ƙi tashi. Kafin kowa ya taɓa shi bi wannan tsarin. Kunna makulli ka saurara, ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu uku daga cikin tanki. In baka ji ba kuma allo ya rubuta CHEC, kusan kullum jan maɓallin kashe inji ne na hannun dama, ko yara sun taɓa ko jakarka ta danne shi, ko kuma giya na ciki ƙafa a ƙasa. Tsohon samfurin V-Strom baya tashi sai ka matse kuloci, kuma akwai 'yar waya a ƙarƙashin hannun kulocin da ke yawan zarewa, ka tura ta ciki. In yana tashi lafiya amma da ka sa giya ya mutu, makunnin ƙafar jingina ne laka ta cika shi, ka wanke ka motsa shi. In babur ya faɗi ne ka ɗaga shi, akwai na'urar da ke yanke mai in ya kwanta, kashe makulli ka sake kunnawa shikenan. In allo gaba ɗaya duhu ne ɗaga kujera ka duba kan batir ko noti ya kwance saboda gargada, sannan babban fiyus mai amfiya 30 da ke jikin rilen sitata. Fiyus ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba ɗaya, kar ka yarda a naɗa masa waya, in ya sake ƙonewa nan take akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, yawanci wajen wuyan babur inda kai ke juyawa ko inda wani ya haɗa ƙarin fitila da caja.

In kuwa ka danna sitata ka ji kat-kat-kat fitila na dushewa, batir ne. Ƙaramar mita ta auna wuta bata da tsada kuma ta fi kowane hasashe. Batir mai lafiya a kashe volt 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa, in ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. In inji na aiki ka ɗan murɗa wuta ya kamata ka ga 13.5 zuwa kusan 15. In bai tashi daga 12 da ɗoriya ba to baya caji, ko rektifaya ko kwayil ɗin caji, sabon batir zai kai ka 'yan kilomitoci ne kawai ya sake mutuwa, don haka kar ka kashe kuɗin batir kafin ka auna. Ka duba soket ɗin rektifaya ko ya narke ya yi baƙi, sau da yawa a nan ciwon yake. Zaka iya jona shi da batirin mota amma motar a kashe. Turi a giya biyu yana aiki ne in akwai sauran wuta, in batir ya mutu murus famfo da kwamfuta basu da abin ci, sai dai ku yi ta gudu da shi kuna haki a banza.

Abin da ya fi cutar injekta a ƙasar nan mai ne. Tankin lita 22 ne a samfurin 2004 zuwa 2011, lita 20 daga 2012, kuma lita ɗaya kan kai ka wajen kilomita 20 ko fiye, kaga Kano zuwa Abuja mai sama da kilomita 400 sai ka ƙara sau ɗaya a Kaduna hankali kwance. Ka sha a gidan mai da motoci ke yawan shiga, kar ka bari tanki ya sauka ƙasa da kwata, famfon da man yake sanyaya jikinsa kuma dattin a ƙasa yake taruwa. In dole ta sa ka sayi na 'yan bumburutu ka zuba kaɗan a farar gora ka ajiye minti biyu, ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙarara, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Alamar filtar famfo ta toshe ita ce a cikin gari lafiya lau, amma da ka zo wuce tirela ko hawan tudu sai ya riƙa shaƙewa yana ja da baya. Sassauta wuta ka lallaɓa zuwa gari. In kuma yana mutuwa bayan tafiyar minti ashirin, ka buɗe murfin tanki ka ji fuuu iska ta shiga ya tashi, tiyon numfashin tanki ne ya toshe ko ya lanƙwashe. Da damina kuma in ya fara tafiya da silinda ɗaya cikin ruwa, filogin gaba ne, tayar gaba na watsa masa ruwa, kuma akwai ɗan rami na zubar da ruwa a jikin kan silindar da laka ke toshewa, a tsokale shi da siririyar waya a busar da hular filogin.

Jan fitila da rubutun FI na nufin kwamfuta ta ga matsala kuma zata iya faɗa maka ko mecece. A ƙarƙashin kujera akwai farin soket mai murfin roba da ba a jona shi da komai ba, in aka haɗa wayoyi biyu da suka dace a cikinsa allo zai nuna lamba, C00 babu matsala, C12 na'urar karanta juyin kiranshaf, C14 ta maƙura, C41 ɓangaren famfon mai. Kalar wayoyin ka tabbatar a littafin shekarar naka tun kana gida ka ɗauki hoto a waya, ba wurin gwaji bane. Da lambar a hannu sai ka kira makanikinka na gari ku yi magana mai ma'ana.

Zafi kuma in gejin ya hau a cunkoso ka saurari fanka, in bata juyawa duba fiyus ɗinta ko tsakuwa ta maƙale mata, ka kuma duba ko laka ta rufe fuskar lagireto. Murfinsa ba a buɗewa da zafi.

Kayan da zasu zauna ƙarƙashin kujera ko a jaka basu da yawa: sufanu 8, 10, 12, 14 da ta notin tayar baya, alanki, filaya, fiyus, filogi, igiyar facin tubules da ƙaramin famfon iska, mita, salatif, wayar kuloci ta ajiya, man sarƙa, lita ɗaya ta baƙin mai. Facin igiya na tsakiyar taya ne kawai, in gefe ya yage taya ta tafi. Ka kuma tambayi dokar babura a jihohin da zaka ratsa tunda wasu sun sha taƙaita su saboda tsaro, kuma ka tsara isa masauki kafin magariba.

Akwai abubuwa uku da in ka gansu ba gyaran bakin hanya bane: fitilar baƙin mai ta kama inji na aiki, ko ƙara mai nauyi ƙwal-ƙwal daga ƙasan inji, ko baƙin mai ya koma fari-fari alamar ruwa ya shiga. Kashe shi nan take, kar ka bari a ce bari a ɗan buɗe a gani. Nemi a-kori-kura, a sa giya ɗaya, tayar gaba ta tokare jikin mota, igiya biyu a gaba daga ƙasan wuya a ja har shokzoba ya ɗan nutse, biyu a baya, ƙafar jingina a naɗe don in tana ƙasa ramin farko zai lanƙwasa ta, kuma kar a ɗaura igiya a robobin jiki ko a kan tiyon burki.