Yadda nake gwada allon lantarki da FT2232H

A shagona na Tudun Wada, in an kawo allo mai cif da ƙafafunsa ke ɓoye a ƙarƙashinsa, tsinken mita ba ya kaiwa can. Sai in ɗauko FT2232H, wani cif da ke haɗa kwamfuta da allon lantarki, in jona shi da kwamfuta ta USB.

Wayoyi huɗu za ka kai daga ƙafafun FT2232H zuwa JTAG na allon, wato mahaɗar gwajin cif: ADBUS0 zuwa TCK, ADBUS1 TDI, ADBUS2 TDO, ADBUS3 TMS. Kada ka manta GND, wato wayar ƙasa, rashinsa ya taɓa cinye mini yini guda. Ƙafafun FT2232H na ba da volt 3.3, in allonka na 1.8 ne, sa mai daidaita wuta tsakani.

A manhajar UrJTAG da ke kwamfuta, rubuta "cable ft2232", rage gudun TCK (siginar agogo), sannan "detect". In IDCODE, wato lambar shaidar cif, ta fito, loda fayil ɗin BSDL mai bayanin ƙafafun cif ɗin. Da umarnin EXTEST ka tura sigina ta ƙafa ɗaya ta cif ɗin, ka karanta a ɗaya ƙarshen layin. Inda bai iso ba, duba dalmar wurin.