Zufa ba kitse ba ce: kurakuran masu neman rage tumbi

Duk Asabar da safe sai an samu sababbin fuskoki a Dandalin Murtala, inda muke gudun motsa jiki, kuma kusan kowa da kurakurai iri ɗaya yake farawa. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne sa rigar leda ko jibga suwaita a zafin Maris, wai don kitse ya narke. Wa ya ce muku kitse na fita ta fata? Zufa ruwa ce da gishiri, jiki na fitar da ita ne don ya huce. Kitse in ya ƙone, mafi yawansa ta numfashi yake fita, ragowar ya zama ruwa. Ƙanina ya ƙi jin wannan magana. Ya naɗa leda a ƙarƙashin riga, ya ƙi shan ruwa, muna cikin gudu sai ga shi ya durƙushe, leɓɓansa sun yi fari fat, ina kiran sunansa ba ya amsawa. Sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar, duk wanda na gani da leda sai na tsayar da shi, ko ya girme ni. Ku sa riga mara nauyi, ku riƙe gorar ruwa.

Sai masu daina cin tuwo da shinkafa kwatsam, su yi ta hawa sikeli. Jiki yana da ɗan rumbun sukari da ake kira gilaikojin: kusan giram 100 a hanta, wajen giram 400 a tsoka, kuma kowane giram na riƙe da ruwa kamar giram 3. Da ka daina cin sitaci rumbun nan zai ragu, ruwan ya bi shi, sikeli ya nuna kilo ɗaya ko biyu sun tafi a mako guda. Ka ci shinkafar biki sau biyu, su dawo, ka ce motsa jiki ƙarya ne, ka koma gida ka zauna. Haba malam! Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, alhali mai nauyin kilo 70 in ya yi gudun kilomita ɗaya kalori wajen 70 ya ƙona. Aikin watanni ne. Ni malmala ɗaya nake ci maimakon biyu, in ƙara wake da ganye, in rage mai, don giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Sikeli kuwa na ajiye shi, tef ɗin tela nake sawa a ƙugu.

Motsa ciki kaɗai ba ya cire tumbi, jiki ne ke zaɓar inda zai ɗebi kitse. Lemon kwalba ɗaya bayan gudu na iya mayar maka da abin da ka ƙona a kilomita biyu. Shayin rage tumbi da ke sa zawo ruwan jikinka yake kwashewa, kitsen na nan.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin kada ya fito gudu da yunwa sai ya tambayi likitansa, kuma ya sa dabino a aljihu.