Ga ɗaliban da aka ba aikin tara ƙwari

Ku fara ƙirga ƙafa. Ƙwaro na gaskiya ƙafarsa 6, jikinsa kashi 3: kai, ƙirji, ciki. Gizo-gizo, kaska da kunama ƙafa 8 gare su, kada ku sa su, malami zai rage maki. Sai fiffike: ƙuda da sauro 2, ƙudan zuma 4, ba dangi ɗaya ba ne duk da sunan.

A Kaduna, da damina, ku tsaya gindin fitila bayan magariba, su za su zo. Masu taushin jiki irin su gara ku zuba a barasar asibiti mai kashi 70, in ba haka ba su yamutse. Buzuzu kuwa a soke shi da allura ta fiffiken dama. Ku jefa kafur a akwatin, don kiyashi na cinye aikin mako guda a dare ɗaya.