Yadda Sabon Marubuci Zai Koyi Ƙaga Labari Ta Hanyar Karatu

Yawancin masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai suna tashi ne da karanta iri ɗaya, galibi na soyayya, har kunnensu ya saba da kalamansa, sai a wayi gari duk abin da suka rubuta ya fito tamkar ƙanen wanda suka karanta. Gyaran wannan yana farawa daga yadda ake yin karatun.

Matakin farko shi ne ka faɗaɗa karatunka da gangan. Idan ka saba da labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, nemi tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933. Idan kuwa waɗancan ne abin alfaharinka, kada ka raina adabin kasuwar Kano, wato ƙananan littattafan labarai, galibi na soyayya, da ake sayarwa a kasuwa, domin a cikinsa ne mata marubuta suka fito da batun auren dole da zaman kishi da saki tun shekarun 1980. Ka haɗa da tarihi da wasan kwaikwayo da fassararrun littattafai. Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a kan labarai masu yawa na Larabawa da Indiya da Turai, ya sake musu sunaye da garuruwa da karin harshe, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

Na biyu, ka jinkirta yanke hukunci. Masu karatu da dama suna ajiye littafi da zarar tauraronsa ya aikata abin da ya saɓa wa tarbiyya, suna ɗauka cewa ra'ayin marubucin ke nan, alhali sau da yawa ya nuna ɓarnar ce domin a ga inda take kai mai ita. Ka ba littafi babi uku ko huɗu kafin ka ce bai yi ba. Wannan ba ya tilasta maka yarda da duk abin da aka rubuta. Abin da ake so shi ne ka fahimci dalilin mugun da ke cikin labarin, saboda wanda bai iya shiga zuciyar mugu ba, miyagunsa za su fito ba rai, kuma mai karatu zai gane tun shafin farko.

Na uku, duk littafin da ya burge ka, ka sake karanta shi da biro a hannu. A karo na biyun ka lura da inda aka datse kowane babi, da yadda aka shigo da sabon mutum, da wuraren da hira ta ɗauke wa marubuci wahalar bayani.

Daga nan sai rubutu, kuma a fara da gajeren labari mai jigo ɗaya da taurari biyu ko uku, a kai shi ƙarshe. Babban abin koyo a nan shi ne barin aiki ya bayyana hali. Maimakon ka rubuta cewa uwargida ta yi fushi matuƙa, rubuta cewa ta dire kwanon tuwo a gaban maigida ba tare da ta durƙusa ba, ta juya ta shige ɗaki ta saki labule. Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san gidan ba lafiya.

Idan ka kammala, ajiye shi na mako guda, sannan ka karanta da murya a sarari, domin harshe yakan yi tuntuɓe a jimlar da ido ya tsallake. Ka duba ƙa'idojin rubutu: "yana" da "yake" a haɗe suke, "shi ne" da "za ka" a rabe, kuma rashin ƙugiya yana mayar da "ƙafa" ta zama "kafa". Sai ka miƙa shi ga wanda ba ya jin nauyinka, ba ɗan'uwa ko aminin da zai ce ya yi kyau kawai ba, ka roƙe shi ya nuna maka daidai wurin da ya fara gajiya. Bayan gyara na biyu ne ya dace a fitar da labarin, ko a tura shi gasa irin Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara shirya wa mata marubuta a 2016.